Geron Baba a Asata

Garinmu ƙarami ne, in ka yi atishawa a ƙofar gabas, daga ƙofar yamma za a amsa maka. Amma akwai mu da alfahari, kuma alfaharin namu gero ne. Kowane gida da irinsa, gadon kaka da kakanni tun daga maharbin da ya sare dajin ya haƙa rijiyar farko. In gero ya nuna, babban gida zai karyo zangarniyar farko, ya gasa tumu, ya jero sunayen duk waɗanda suka noma irin kafinsa, sannan ya gatsa. Wanda ya fara gatsa shi ne mai riƙon iri. Gidan da damina ta wuce bai ci tumu ba, sai a ce ya fita daga gari, ko da katangarsa na tsaye.

Ni kuwa fartanya ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Na bi 'yan shanu zuwa Inugu, na zama mahauci, na kama haya a unguwar Asata. Ana gab da sauke tutar Bature Inna ta rasu, gwiwoyin Baba suka ƙi, ba ɗa namiji sai ni, dole na ɗauko shi. Ya sauka daga jirgin ƙasa rungume da wata gora. Na miƙa hannu zan karɓa, ya make ni.

"Hannun da ya saba da tumbi? Bari, irin gidanmu ne."

Ruwan farko ya sauka tun ana zafin bazara a gida. Baba ya sa hannu ya duba laima, ya ce shuka ta yi. Mai gidan hayarmu, wata Inyamura mai jiki da muke kira Madam, ta ba shi filin bayan gida, amma ta sa na faɗa masa ya jira, ruwan garin nan bai ko wanke ido ba. Da na fassara, Baba ya dube ta sama da ƙasa.

"Ka ce mata na gode. Amma wanda abincinsa a rami yake ɓuya ba zai koya mini gero ba."

Doya yake nufi. Na ce wa Madam ya ce zai yi tunani.

Sai ya kira gayya! Mahauta da dillalan shanu, mutanen da rabonsu da garma tun suna da ƙugu, suka zo da manyan riguna. Kafin hantsi, sarkin fawa ya tuna yana da baƙi, wani ya kama baya yana salati, saura suka kewaye ƙwaryar fura. Kunyoyin da aka yi kuwa, kamar maciji ya bi ta wurin. Baba ya bi su da sanda yana gyarawa, yana faɗin a garinmu ko makaho ba zai sa hannu a wannan ba.

Gero ya fito, wallahi abin sha'awa. Ya wuce Baba, ya wuce katanga. Har rumbu ya sa aka fara ɗaura masa. Sai dai ruwa ya ƙi tsayawa. Safe ruwa, yamma ruwa, zangarniya ta fito ba ranar da za ta busar da ita. Wata Juma'a Baba ya tare liman.

"Allah gafarta Malam, a taimaka a roƙa mana a ɗauke ruwan nan."

Liman ya ce, "Baba, na yi furfura ina jan roƙon ruwa. Yau kuma in koma in ce ya yi yawa? Da wane ido?"

Aka yi dariya, Baba bai yi ba. Cikin kwanaki zangarniya ta yi baƙi, ta yi fumfuna, kara ya kwanta a taɓo. Na same shi zaune a bakin kunya, ya murza ɗaya a tafin hannu, ba ƙwaya. A nan na daina ganin abin wasa ne. Tausayi ya kama ni, domin ban taɓa ganin idonsa haka ba, ko ranar da aka binne Inna. Ya ce, "A hannuna gidanmu zai fita daga gari."

A gindin gorar akwai saura, bai cika tafi ba. Da damina ta fara ja da baya, Madam ta zo ta tsaya kansa, ta nuna sama, ta nuna ƙasa, ba ta nemi mai fassara ba. Washegari Baba ya sanar da ni cewa ya yi nazari, ya gano ƙasar nan shukar baya take so. Na ce lalle Baba ya yi basira. Aka shuka sauran irin.

Abin da tsuntsaye suka bar mana bai cika kwando ba, amma gero ne, ya nuna sarai. Aka hura wuta a tsakar gida, mayaudaran gayya duk suka hallara, Madam ta kawo kujerarta. Baba ya gasa tumu, ya fara daga maharbi, yana saukowa suna bayan suna, har ya iso kan mahaifinsa, ya faɗi nasa. Ya kai zangarniyar baki, sai ya tsaya. Haƙoran gaban sun daɗe da tafiya, kowa ya sani, shi ma ya sani tun kafin ya hau jirgi.

Ya juyo, ya kira sunana a jerin, ya miƙo mini.

"Goge hannun tukuna," in ji shi.

Na goge a rigata, na karɓa da hannu biyu, na gatsa.