Titin da Ya Ƙare a Ƙofar Ƙarfe

A gidanmu na unguwar Tremont, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai hitar ɗumama ɗaki mai tsaki a gindin taga. Nan Hajiya Kaka, mahaifiyar Ummanmu, take tara mu bayan magariba, a shekarun casa'in. Ta ce ga ta nan gare mu, mu amsa da Turanci, ta ce, "Ji 'yan nema, baki kamar an cusa dankali da zafi."

Ba ruwanta da Gizo. Tatsuniyarta ɗaya ce: babban titin wani ƙaramin gari a Sikotlan, inda ta zauna tana amarya, lokacin da aka tura mijinta karatun likitan dabbobi. Takan fara daga hasumiyar agogo, wadda a da kurkuku ce. Sai ginshiƙin dutse na tsakiyar kasuwa, inda ake ɗaure mai laifi da mari a wuya jama'a na kallo. Sai tsohuwar rijiya, sai mai burodin da ke ce mata sannu da ka. Daga nan titin ya gangara zuwa ƙofar ƙarfe ta maƙabarta.

"To, nan wani yaro ya shiga bai fito ba. Ƙurunƙus, ku tashi."

"Wane yaro, Kaka? Ya sunansa?"

"Ke kin cika tambaya. Yaro dai."

Wallahi haushi nake ji. Wace irin tatsuniya ce ba dodo, ba suna?

Sai bayan rasuwarta Umma ta gaya mini. Ɗan Kaka ne na fari, sanyi ya kama ƙirjinsa ko arba'in ba a yi ba. Maza suka shiga da shi, ita ta tsaya a ƙofa. Ba a kafa dutse ba, ba al'adarmu ba ce. Sunan kuwa kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa, mijinta ya rasu bai faɗa ba, Umma ma ba ta taɓa ji ba.

Da na girma na je garin. Komai da allon tarihinsa, har wani kare an rubuta sunansa a dutse! Na ba matar da ke riƙe littafin maƙabarta sunan kakanmu, bai fito ba. Ta ce sunan mamacin fa? Na ce, "Ɗan fari." Baiwar Allah ta ɗauka suna ne, ta bi layi-layi da yatsa, ta ce in yi haƙuri, babu.

Ana yabon kunya, ni ma a kanta na tashi, amma har gobe ina jin ɗacinta. In na ɗaga hannu zan yi wa kawuna addu'a, sai dai in ce, "Ya Allah, Kai dai Ka san shi."