Awon Injin Tajaye

Alamin ɗan tela ne. Mahaifinsa, Malam Umaru, yana da rumfa a bayan tashar mota ta Birnin Konni, kuma an san shi da hali guda: ba ya karɓar tsohuwar riga a matsayin awo. Idan sallah ta matso, mutanen ƙauye kan aiko da yadi haɗe da tsohuwar riga, su ce a yanka daidai da ita. Malam Umaru sai ya mayar da ɗan aiken, ya ce mai rigar ya zo da ƙafarsa, don riga ba ta ƙiba, ba ta ramewa.

Alamin bai gaji keken ɗinki ba. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Konni, ya wuce Yamai ya karanta aikin kwamfuta, ya dawo gida a 2004, lokacin da ƙananan gidajen rediyon ƙauye ke yawaita. Ya rubuta musu manhaja mai jera muryoyin da aka naɗa, ta sake su bi da bi, ba sai an yi ta juya kaset ba.

Rubutun manhajar ɗaya ne, amma injinan ba ɗaya ba ne. Na Malbaza sabo ne mai Windows, na Illela kyautar wata ƙungiya ce mai Linux. Kwamfuta kuwa ba ta jin rubutun mutum sai an juya mata shi zuwa harshenta, kuma abin da ke wannan juyi shi ake kira kompilater. Dole a gaya masa wane irin inji ne zai karɓi aikin, wace ƙwaƙwalwa gare shi, wane umarni yake ganewa. Alamin ya ware wa kowane gari saitinsa, ya sa masa sunan garin. Yana zaune a buronsa, wato ofishinsa na Konni, sai ya zaɓi gari kamar Tajaye, kompilater ta fitar da manhajar Tajaye, ya zuba a faifai ya ba direba.

Gab da sallar layya ta 2007 ya yi wa manhajar ƙari. Sahiya, mai shirin gaisuwar ƴan cirani a rediyon Tajaye, ta daɗe tana kuka da shi cewa muryoyin da take naɗa ta waya daga Abijan da Ikko duk ƙara ce. Alamin ya sa abin tace murya. Da yake shi ya kafa injin Tajaye da hannunsa, ya san ƙwaƙwalwarsa ta zamani ce, sai ya buɗe wa kompilater hanya ta yi amfani da sababbin umarni masu sauri.

Ranar jajibiri da hantsi Sahiya ta kira shi. Ta ce ta ɗora sabuwar manhajar da ya aiko a faifai a kan tsohuwar kamar yadda ya koya mata, kuma da ta taɓa sai manhajar ta buɗe ta rufe. Shirin da la'asar zai fita. Mata sun fara taruwa a gindin darbejiyar gidan rediyo tun safe, kowace tana jiran muryar mijinta ko ɗanta. Ta ƙara da cewa Malam Rabilu, shugaban kwamitin rediyon, wanda dama bai taɓa son injin ba, ya rantse in shirin bai fita ba za a koma kaset har abada.

Alamin ya rataya ƙaramar kwamfutarsa, ya hau babur. Da azahar yana Tajaye. Akwatin injin na nan yadda ya bar shi, har da sunansa da ya rubuta a gefe. Ya zargi faifan, ya sake fitar da manhajar da saitin Tajaye, ta sake mutuwa. Sai ya nemi sukundireba ya buɗe akwatin. Allon da ke ciki, mai ɗauke da ƙwaƙwalwar injin, ba nasa ba ne, tsoho ne da ya girmi na farko da shekaru.

Malam Rabilu bai ɓoye ba. Ya ce janareta ya ƙone kayan ciki tun damina, Bala mai gyara ya ƙetara iyaka ya sayo na gwanjo ya sa, kuma aiki bai tsaya ba.

"To ɗan tela, akwatinka dai ne. Mi ya sake?"

"Baba, rigar ce ba ta sake ba," in ji Alamin. "Mai ita ya rame."

Tsohuwar manhajar da saiti mai sauƙi aka yi ta, shi ya sa tsohon allon ya ɗauke ta ba gardama. Sabuwar kuwa tana ba shi umarnin da bai taɓa ji ba. Alamin ya zauna kan tabarma, ya rufe sababbin umarnin a saitin Tajaye, ya gaya wa kompilater ainihin ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin. Manhajar ta tashi, sai dai tace murya ya koma tafiyar hawainiya. Sahiya ta yanke shawara a tace muryoyin Abijan kawai, waɗanda suka fi muni, sauran su fita yadda suke.

Da aka sallame la'asar, muryar wani Hassane ta fito daga lasifika tas, yana gaida mahaifiyarsa, yana tambaya ko an sayi ragon. Tsohuwar ta amsa masa daga gindin darbejiya kamar yana jin ta. Malam Rabilu bai yabi kowa ba, amma kwalin kaset ɗin da ya fito da shi tun safe ya mayar ƙarƙashin tebur.

Bayan sallah Alamin ya rubuta wata ƴar manhaja mai tambayar kowane inji abin da ke cikinsa. Tun daga nan ba ya fitar da manhaja sai an karanto masa amsar ta waya. Ya ba mahaifinsa labarin a rumfa. Malam Umaru bai ɗaga kai daga kan keke ba, ya ce ya miƙo masa almakashi.