Ranar da Ƙoƙon Kan Akuya Ya Tona Mini Asiri

Ban taɓa mantawa da ranar bikin rufe makaranta ba, a shekarata ta shida ina koyar da ajin ƙarshe na firamare a wani ƙauye kusa da Yekuwa. Ku sababbin malamai, ku matso ku sha dariya.

Ana neman wanda za a naɗa darakta, shugaban makaranta, kuma anspektar, wato mai duba malamai, zai zo daga Magariya ya ga aikina kafin ya rubuta rahoto. Ni kuwa don in burge shi, sai na rubuta wasan kwaikwayo kan makarantar zamanin Nasara. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza.

A wasan akwai sambol. Wanda bai sani ba, abin kunya ne da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a aji maimakon Faransanci, sai ya kama wani sannan ya sauke. Ban sha wahalar nemansa ba, domin akwai ƙoƙon kan akuya da igiyarsa a cikin teburina. Da shi nake aiki kullum, kuma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa shi da abin da na rubuta ba.

Fili ya cika, mai gari da anspektar suna kan kujerun gaba. Sani, wanda ya fito a malamin Nasara, fuska duk alli, ya nufi Rabi, wadda ta fito a ɗaliba, zai rataya mata sambol. Aikinta a wasan shi ne ta fashe da kuka. Sai ta goce, ta waiwayo ni, ta kira ni da Mushe, yadda yara ke kiran malami da Faransanci.

"Mushe, wallahi ba ni sakawa! Sau biyu na sa shi satin nan. Sani ne ya yi Hausa jiya, ka tambayi kowa!"

'Yan ajin suka ɗauka baki ɗaya: "Gaskiya ne, Mushe!"

Wuri ya kaure. Mata suna riƙe ciki, mai gari ya ɗaga sanda yana tambaya, "Malam, ashe Nasara bai tafi ba? Wakili ya bar mana?"

Anspektar ya yi dariya har ya cire tabarau. Da ya share hawaye ya ce, "Malam Hamisu, wasanka ya yi kyau. Ni ma an rataya mini irinsa ina yaro, kuma har yau bakina yana rawa idan zan yi magana a taro. Darakta kam, sai baɗi mu gani."

Kujera ta wuce ni, kuma na ji zafi ƙwarai. Amma na gane cewa a aikin nan bulalar da aka doke ka da ita ce take fara zuwa hannunka. Na zagi Nasara shafi goma sha biyu, alhali ni ne nake ɗaura wa 'ya'yan mutane igiyarsa kowace safiya.