Man Kaɗanyar Jikana a Fitilar Mota

University Heights

Muna sallame sallar asuba ƙanina Sabi'u ya ce, "Yaya, tashi, snow ɗin nan ba tsayawa zai yi ba." A gidansa na kwana, don shi ya ɗauko ni daga filin jirgi da na iso daga Kano. 'Yata Bilkisu kuwa tana can Staten Island, ranar ce sunan ɗanta na fari. Ta riga ta gaya mini a waya sunan mahaifinta, Allah Ya jiƙansa, za a mayar. A gida mu mata sai dai a aiko mana da labari daga ƙofar gida, amma a nan a falo ake raɗin suna, kowa na ji. Na rantse sai na ji da kunnena.

Da muka fito ƙofa na yi turus. Gari fari fat, motoci sun zama tudu-tudu, dusar ƙanƙara na saukowa kamar ana tankaɗen gari. Daɗi ya kama ni, har na miƙa hannu na tara ina dariya, ni da jika. Sabi'u ya share gilashin tasinsa, na rungume jakata da flas ɗin ruwan zafi, muka kama hanya.

Fordham Road

Kantuna duk a rufe, sai manyan motocin share titi suna watsa gishiri. Ina ta tambaya, Sabi'u na amsawa da "uhm". Ba mu yi nisa a babban titi ba na ga ya manna fuska da gilashi. Hasken gabanmu sai raguwa yake, har ya koma kamar na aci-balbal.

"Sabi'u, wuta aka ɗauke a motar?"

"Ba NEPA a nan, Yaya. Headlights ɗin ne, LED ne, ba sa zafi, snow yana manne musu."

Ya ratse, ya fita ya goge fitilar da hannun riga. Muka ɗan taɓa gaba, ta sake toshewa. Sau nawa zai fita? Raina ya fara ɓaci, ina hango liman ya buɗe baki ba ni.

Gidan mai a Brooklyn

Nan na ce bari in nuna masa ni ce babba. Yana ciki yana sayen kofi, na fito da flas ɗina na sheƙa wa fitilun ruwan zafi. Ƙanƙara ta narke, haske ya fito tar, na tsaya ina jin kaina. Kafin ya dawo ruwan ya daskare, ya zama wani sulɓin gilashi mai tauri wanda farce ba ya kamawa. Sabi'u ya ɗora hannu a ka.

Wani direba ɗan Ghana da ke shan mai kusa da mu ya matso yana ƙyalƙyala dariya. "Ei, Hajia! Ruwan zafi? Ka gode Allah bai fashe ba. Chale, ɗan'uwa, ku kankare da scraper, ku shafa oil kaɗan, snow bai zama a kai."

Sabi'u ya kankare, sannan ya juyo yana kallon jakata. Ya san abin da ke ciki: gwangwanin man kaɗanya da na sa aka yi mini musamman, na ɗauko tun daga Kano don jikin jariri.

"Kai, kada ka soma," na ce.

"Yaya, ko man, ko sunan."

Na buɗe. Da yatsana na lakato, na murza a tafi ya yi laushi, na shafe fitilun nan biyu sama-sama kamar ina shafa wa yaro bayan wanka. Ɗan Ghana ya ƙi barinmu mu tafi sai da ya ba ni burodi mai zafi.

Gadar Staten Island

Wallahi abin ya yi! Dusar na faɗowa tana zamewa, haske na tafiya gabanmu. A kan doguwar gadar nan, ruwa a ƙasa, fari a sama, na dinga buga kafaɗar Sabi'u ina cewa ya taka. Ya ce in ya taka, a asibiti za mu ci sunan.

Tompkinsville

Takalma sun cika bakin ƙofa. Na kutsa da ƙanƙara a mayafina, liman ya riga ya fara addu'a. Bilkisu ta hango ni daga ƙofar ɗaki ta toshe baki. Sai kawai na ji an faɗi sunan, sunan da tun ranar da aka kai ni gidan mai shi ban taɓa furtawa ba, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Hawaye suka zubo mini ina dariya.

Aka miƙo mini jaririn a cikin tawul. Na buɗe gwangwanin, Bilkisu ta leƙa ta ce, "Umma, wa ya taɓa man?"

"Motar kawunki ce ta riga shi."

Na gode wa Allah da Ya kawo ni, na gode wa Sabi'u da bawan Allahn nan da ban ko tambayi sunansa ba. Na lakaci man na shafa a 'yan ƙafafunsa, na ce, "Sannu da dawowa, Maigida."