Falalu Mai Niƙa da Sharaɗin Wutar Rana

Falalu ya gaji sana'ar niƙa daga mahaifinsa a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa. Da aka jawo wutar gwamnati, sai ya sayar da tsohon injinsu mai shan mai, ya sayi na lantarki. Daga baya aka raba masu shan wuta aji-aji, ƙauyensu ya faɗa cikin waɗanda ba sa samu sai jefi-jefi. Injin ya daɗe lulluɓe da buhu, shi kuwa ya koma noman gyaɗa, amma bai yarda ya sayar ba.

Ana nan sai doka ta ba kamfanoni damar samar da wuta su sayar wa gari kai tsaye. Wani kamfani ya kafa faya-fayan hasken rana a bayan gari, ya gindaya sharaɗi: manyan injina su yi aiki daga hantsi zuwa azahar kawai, abin da ya rage a batura na gidaje ne. Wanda injinsa ya zauna banza, za a ba wani layinsa. Falalu ma ya samu layi.

Matan garin kuwa da safe suke surfe, su wanke, su shanya, sai la'asar hatsi ke isa wurin niƙa. Kafin azahar dawa ba ta bushewa, in an niƙa ta da laima toshe inji take yi.

Falalu ya tafi wurin Inna Amarya mai tuwon sayarwa, wadda mata ke jin maganarta, ya durƙusa.

"Inna, alfarma nake nema. A riƙa yin surfe da yamma."

"Falalu, tun zamanin kakata da safe turmi yake kuka. Yanzu rana ce za ta tsara mini girki?"

"Ita ke busar miki da dawa tun fil'azal, Inna, ba ki taɓa yi mata gardama ba."

"Bakin ubanka ka ɗauko. To, in hatsin ya kwana da laima ya yi tsami, kai za ka ci tuwon?"

Bai musa ba, domin gaskiya ta faɗa. Ya koma ya daɓe filin gaban shagonsa da siminti, inda rana ke fara sauka, ya kewaye shi da zana saboda awaki. A can gida ya sa matarsa Zaituna ta gwada: ta surfa da yamma, ta baza a tabarma ya sha iska, ta wanke da asuba, aka shanya a kan simintin. Hantsi bai gama ɗagawa ba dawa ta bushe.

Ya niƙa ta, da kansa ya kai wa Inna Amarya garin. Ta murza, ta shinshina, ta ɗanɗana.

"Gobe ka share wurin shanyar nan da kyau," in ji ta. "Ba ni kaɗai zan aiko ba."