Ni da Dutsen Niƙa, Ita da Gashin Zabo

Ba na son warin jiƙaƙƙen ƙaro. Da na ji shi sai in ga kaina durƙushe gaban dutsen niƙa, a ɗakin kakarmu, can ƙauyenmu kusa da Guci.

Kakarmu ita ke yin takardun jere. Ku 'yan yanzu ba ku san su ba. Ran kasuwa take samo buhun siminti na takarda, ta farke shi, ta kakkaɓe, ta shafe shi da farar ƙasa da ruwan ƙaro, ta shanya. In ya bushe ta zana shi. Ja daga karan dafi, shuɗi daga baba, ɗorawa daga saiwar rawaya. Amarya ta liƙa a bango, bayan kwanukanta. Ɗakin da babu takardar kakarmu, mata sukan ce bai cika ba.

Mu biyu ne jikokinta mata a gidan, ni da ƙanwata. Wata shekara bayan girbi, da bukukuwa suka matso, ta kira mu ta ce mu buɗe tafin hannu. Ta shafa nawa. Taɓarya da igiyar guga sun riga sun yi mini kanta. Ta shafa na ƙanwata, laushi kamar auduga, don ita ba a sa ta daka, wai tana da ciwon ƙirji.

"Ke mai hannun maƙeri, ga dutse," in ji ta, tana dariya. Ƙanwata kuwa ta miƙa mata gashin zabon da take zane da shi.

Shi ke nan, rabo ya ƙare. Ni ce niƙa, ni ce tacewa, ni ce bin gindin itatuwa ina ɓamɓaro ƙaro, ƙaya tana yagar mini zane. Ita tana zaune a inuwa, gwiwa da gwiwa da tsohuwar, tana jan dagi da sawun kaza. Mata su leƙo su ce, "Tubarkalla, yarinyar nan da hannu!" Ba wadda ta taɓa tambayar wa ya niƙa jan.

Sau ɗaya na roƙa. Na ce, "Kaka, ko a gefen takarda ne."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Huda ta za ki yi."

Ban ƙara ba. Na mai da raina kan takardar aurena, don kowace jika Kaka da hannunta take yi mata. Kafin lokacina ya zo, yanar ido ta rufe mata gani. Ƙanwata ce ta zana tawa. Ta yi kyau, kuma shi ne abin haushin. Shekaru na yi ina buɗe ido da ita a bango. Da tsohuwar ta rasu, takardarta ta ƙarshe da gashin zabon suka tafi akwatin ƙanwata. Ni aka turo mini dutse.

Na ga duniya bayan nan. Na binne miji, na binne 'ya'ya, na ci ganye a shekarar yunwa. Duk sun wuce. Wannan ɗan abin ne ya ƙi fita daga ƙirjina.

Yanzu leda mai fure ake liƙawa, ko a jera kaya a kwaba. Amma bara ƙanwata ta aiko daga Magariya. Jikarta za ta yi aure, ta ga tsohuwar takardar nan a akwati, ta ce irinta take so. Na hau kabu-kabu da dutsena a cinya. Na jiƙa, na niƙa, na tace. Ƙanwata ta ɗauki gashin zabo, sai ga hannunta yana karkarwar tsufa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙo mini.

"Yaya, karɓi. Naki ba ya rawa."

"Hannun maƙerin?"

"Kaka na ƙasa, wa zai hana ki?"

Na karɓa. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da na ƙare ƙuruciyata ina hange. Na tsoma shi a jan da na niƙa, na ɗora, na ja.

Takardar ta huje.

Ƙanwata ta yi dariya har da hawaye. Amarya ta liƙa ta a haka, ta sa babban kwano ya rufe wurin. Ni ban yi dariya ba. Ashe tsohuwar gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne har yau ban yafe mata ba.