Madarar da Dulam ba ta watsa ba

Duk kwarinmu na Tariat, wanda bai taɓa buga kai da rufin motar Lodoi ba sai jaririn bana. Tsohuwar furgon ce, wato ƙaramar bas ta Rasha, mai ruwan toka, kamar an ɗora burodi a kan taya. Kujerunta katako ya fi su tausayi. In hunturu ya kama, sai ya hura wuta a ƙarƙashinta kafin ta yarda ta tashi. Amma fa ko kogi ko laka, ta shiga ta fita, in ta mace a daji kuwa guduma da 'yar waya sun ishe shi. Ni kaina a cikinta naƙuda ta kama ni.

Duk fitar da zai yi, matarsa Dulam takan tsaya a ƙofar tanti da ludayin madara, ta watsa a bayan motar don ya dawo lafiya. Shi kuma yana hango ta a fasasshen madubinsa, tana rawa saboda jijjiga.

Da ɗansu Otgo ya dawo daga aikin haƙar ma'adinai, sai ga shi da sabuwar jif fara fat.

“Baba, zauna ka ji. Kujerar ma ɗumama mutum take yi.”

“Ni ƙwai ne da za a ƙyanƙyashe ni?” in ji Lodoi. “In ta tsaya a daji wa za ka kira, uwarta ta Japan?”

Haushin da ya ji shi ne ba ta tsaya ɗin ba. Ta haye kogin da furgon ke hayewa, ko tari ba ta yi.

A kakar nan ciwon ciki ya kwantar da Dulam, aka ce sai asibitin Tsetserleg, tafiyar wuni kan duwatsu. Lodoi ya tayar da furgon, ya dubi yadda take riƙe da cikinta, sai ya kashe.

“Kawo taka,” ya ce da Otgo.

Har suka isa Dulam barci take. Da ta farka ta harari Lodoi.

“Kai tsohon nan! Ashe akwai irin wannan, ka ƙarar da ƙuruciyata kana girgiza min ƙashi?”

Ya yi dariya har da ƙwalla. Daga asibitin ba ta dawo ba.

Likitoci sun ce ciwon ya riga ya ci ƙarfinta, Lodoi bai yi musu gardama ba. Ni kaɗai ya gaya wa: “Ran nan ba wanda ya watsa madara. Mai watsawar ce a ciki, mu kuma duk muka manta.”

Bai sake tayar da furgon ba. Ya kwance sitiyarinta, ya ɗaura masa shuɗin ƙyalle, ya kai kan tsauni inda muke ajiye ƙoƙon kan dokin da aka so.

Da bazara Otgo ya zo ɗaukarsa zuwa birni. Ni ina zaune a kujerar baya. Yaron ya sa giyar baya, allon gaban motar ya haska, ya nuna bayanmu tar, babu rawa babu tsagewa: ƙofar tanti, da ludayi rataye a jikin igiya.

Lodoi ya ɗora tafinsa a kan allon.

“Kashe wannan,” ya ce. “Ya cika gani.”